Darasi na 14: Zare da Abawa

A buɗe littafi, a karanta waɗannan jimloli huɗu da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya:

1. Tela ya sayo zare a Kantin Kwari.
2. Dogari ya zare takobi.
3. Har yau ba a gano bakin zaren rikicin ba.
4. Tun da aka ba shi kujerar yake jan zarensa.

Haruffan dai huɗu ne a ko'ina: z, a, r, e. Amma kunnenku ya riga ya gaya muku ba abu ɗaya ake nufi ba. A jimla ta farko zare abu ne da ake riƙewa a hannu, a zura shi a kafar allura. A ta biyu aiki ne, kuma in kun lura, da kuka zo kansa kun ja sautin "za" ya ɗan yi tsawo. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya, saboda haka mai karatu ba shi da abin dogaro sai kalmomin da ke gaba da waɗanda ke baya. A jimla ta uku da ta huɗu kuwa babu tela, babu allura. Aron zaren aka yi, aka yi magana da shi a kan rikici da mulki.

Kowa a ajin nan ya san waɗannan maganganu tun kafin ya riƙe fensir. Abin da ya kuɓuce wa da yawanmu, musamman waɗanda suka tashi a birni, shi ne aikin hannun da ya haife su. Don haka gona za mu fara zuwa.

Daga gona zuwa mazari

In an tsinko auduga, ba a kaɗa ta haka nan, domin akwai gurya a cikinta. Mace za ta ɗora ta a kan magurji, wato wani shimfiɗaɗɗen dutse, ta riƙa murza siririyar sandar ƙarfe a kai har 'ya'yan su fice. Wannan shi ne gurza. Guryar ba ta zama shara ba: iri ce ta baɗi, abincin dabbobi ce, ana kuma matse mai daga cikinta.

Daga nan sai shiɓa. Da ɗan ƙaramin baka ake yi, ana kaɗa tsirkiyarsa a cikin audugar har ta tashi ta yi laushi, dattin ya zube. A naɗe ta a jikin kara, ta zama sutu. Mai kaɗi ta riƙe sutu a hannun hagu ta ɗaga sama, hannun dama kuma na murza mazari. Mazari siririn tsinke ne, a gindinsa akwai ɗan dunƙulen yumɓu da ake kira gululu, nauyinsa ne ke sa shi ya daɗe yana juyawa. A gefenta akwai alli, farin gari na ƙonannen ƙashi, tana dangwala da yatsa don kada gumi ya sa mazarin santsi. Sunan nan ne ya bi allin da malaminku ke rubutu da shi a allon bango.

Wanda ya taɓa ganin mazari yana juyawa ba sai an fassara masa "jikinsa na rawa kamar mazari" ba. Ya ga yadda tsinken ke karkarwa a tsaye ba tare da ya faɗi ba.

Zaren da ke fitowa iri biyu ne, kuma a nan ake gane gwana. Akwai siriri mai ƙarfi, wanda aka murɗa sosai. Shi ake kira zare kai tsaye, mafi sirantarsa kuma arafiya. Akwai mai kauri, mai laushi, wanda murɗinsa bai yi tsanani ba. Ita ce abawa. Ku lura da jinsi: zare namiji ne, abawa mace. Mukan ce zare ya tsinke, abawa ta ƙare. Zaren tela, abawar masaƙi. Jam'in zare kuwa zarurruka.

Kaɗi aikin mata ne, kuma bai kamata a wuce wannan da sauri ba. A da, matar da ba ta fita kasuwa, da kaɗi take samun kuɗin kanta. Ta kaɗa da hantsi bayan ta gama aikin gida, ta kaɗa da dare a gaban fitila, ta aika yaro ko dillaliya su kai kasuwa. Da kuɗin zare aka sayi tasoshi da kwanonin jeren 'ya'ya mata masu yawa, aka yi biki, aka yi zumunci. In ana ba da tarihin arzikin ƙasar Hausa akan ambaci fatake da sarakuna da attajirai, a manta cewa kowace rigar da raƙumi ya ɗauka ta fara ne daga yatsun wata mata a cikin ɗaki. Wannan mantuwa ba adalci ba ce.

A masaƙa

Masaƙi ba ya fara saƙa sai ya yi wadari. Zai kafa turaku a fili, ya riƙa kai da komo da zare a tsakaninsu har ya sami tsawo da yawan silin da yake so. Waɗannan su ne zarurrukan tsaye, su ne za su sha ja da gogayya, shi ya sa dole su zama masu ƙarfi. Sai ya zura su ta cikin allera da matsefi, ya ɗaure ƙarshensu a jikin wani nauyi can nesa a gabansa, wanda ake kira kunkuru saboda yadda yake matsowa a hankali yayin da saƙa ke ci gaba. Abawa kuma tana naɗe a kwarkwaro, kwarkwaron na cikin ƙoshiya. Masaƙi ya taka da ƙafa, zarurrukan tsaye su buɗe baki, ya jefa ƙoshiya ta wuce, ya buga matsefi, ya sake takawa. Abin da ke fitowa ƙyalle ne mai tsawo marar faɗi, sai an jera da yawa an ɗinke su kafin su zama zane ko riga. Mata ma suna da tasu masaƙar ta tsaye a cikin gida, wadda ke ba da ƙyalle mai faɗi.

Ga wani abu na nahawu da za ku tsinta a nan. Hausa na sa "ma" a farkon kalma ta fitar da mai aiki, ko wurin aiki, ko kayan aiki. Masaƙi mutum ne, masaƙa wuri. Marini mutum ne, marina wuri. Maɗinki mutum ne, magurji da matsefi kayan aiki. In kun riƙe wannan, kalmomi da yawa za su buɗe muku da kansu a wajen karatu.

Yanzu ku duba maganar nan da muke ji kullum a rediyo: "Malam zai warware mana zare da abawa." Tufa ba ta da komai a jikinta sai waɗannan biyun, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, sun shiga juna. Wanda ya raba su, ya ajiye wannan gefe, wancan gefe, bai bar komai a ɓoye ba. Shi ya sa ba a faɗin wannan magana a kan ɗan gajeren bayani. Sai an bi mas'ala daki-daki, an nuna abin da ke riƙe da ita da abin da ya cike ta.

Zaren da ya ciyar da ƙasa

A shekarar 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a Kano. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tufafin da ake saƙawa a rina a birnin da ƙauyukansa, waɗanda ya ce suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Garin Kura ya yi suna da turkuɗi, baƙin ƙyalle mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, har yau ana rini a cikinsa. A Barno kuwa ƙyallen saƙa da ake kira gabaga ya taɓa zama kuɗin ciniki.

Ba auduga kaɗai ake kaɗawa ba. Akwai tsamiya, zaren da ake samu daga gidan wata tsutsa da ke saƙa a jikin itatuwa, har da itacen tsamiya. Ana dafa gidan da ruwan toka ya saki, sannan a kaɗa shi. Launinsa na ƙasa-ƙasa ne, kuma rigar tsamiya ba ta kowa ba ce. Akwai alharini, jan siliki da fatake ke kawowa ta hamada a da. Da irin waɗannan zarurruka maɗinka suke zauna wa babbar riga wata da watanni suna fitar da aska biyu ko aska takwas a ƙirjinta. Zariya ta yi fice a wannan aiki.

Da Turawan Ingila suka ci ƙasar, audugar suka sa wa ido, don masaƙunsu na can gida na bukatarta. Sun kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a 1902, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa injinan gurza a Zariya, daga baya a wurare irin su Funtuwa da Gusau. Sai dai a ƙasar Kano lissafinsu bai fita ba. Masu kaɗi da masaƙan gida suna sayen auduga da tsadar da ta fi ta Bature, manoma kuma suka ga gyaɗa ta fi riba, suka koma mata. Wato a wancan lokaci mazari ya yi gogayya da injin Ingila a kasuwar auduga, bai kuwa ji kunya ba.

Abin da ya kwantar da kaɗin hannu shi ne zaren inji mai araha da yadin kanti. Daga baya mu ma muka kafa namu injinan. A 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wasu suka biyo baya, unguwar Kakuri ta cika da dubban ma'aikata, Kano ma haka. Yau mafi yawansu a rufe suke. Rashin tsayayyiyar wutar lantarki, tsadar man da injina ke sha, tsufan injinan, da yadin waje mai araha da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, su suka taru suka durƙusar da su. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002. Akwai yiwuwar a cikin ajin nan akwai wanda ya yi aiki a ɗaya daga cikinsu, ko matar wanda ya yi. In akwai, a ba shi dama ya ba da labari da bakinsa, ya fi abin da littafi zai faɗa. Abin baƙin ciki ne ƙasar da ta tufatar da hamada ta koma sayen zaren ɗinkin maɓalli daga ƙetare.

Zare a bakin mutane

Sana'ar ta ja baya, maganganunta ba su ja ba.

Ɗauki "bakin zare". Duk macen da zare ya taɓa cukurkuɗe mata ta san ja da ƙarfi ba ya warware shi, sai ma ya ƙara ƙullewa. Dole a zauna a nemo inda ya fara. In an kamo wannan bakin, sauran mai sauƙi ne. Don haka in aka ce dattawa sun gano bakin zaren rigimar gado, ba ana nufin an gama sulhu ba. Ana nufin an gano ta inda za a fara. Mutane kan gauraya waɗannan biyun, ku ku bambance su.

"Saƙa da mugun zare" ta fi zafi. Masaƙin da aka ba aiki, ya sa ruɓaɓɓen zare a tsakiya, mai kaya ba zai gani ba ranar karɓa. Sai an sa, an wanke, sannan tufa ta buɗe. Haka ake cewa an yi wa mutum saƙa da mugun zare idan na kusa da shi, wanda ya amince wa, ya shirya masa cuta a ɓoye. Ba a faɗinta a kan maƙiyin da ya fito fili.

"Saƙa da warwara" kuwa a zuci take faruwa. Mutum ya kwanta, ya ƙulla wannan, ya kwance, ya ƙulla wancan, har asuba bai tsayar da shawara ba. Tana da 'yar'uwa, "tufka da warwara", wadda aka ɗauko daga masu tufka igiya, aka fi faɗinta a kan mai magana biyu ko aikin da ake yi ana rushewa. In 'yan'uwa suka shirya bayan saɓani, sai a ce an ɗinke ɓaraka.

"Jan zare" na mai dama ne. Yana jan zarensa, wato lokacinsa ne, yana yin yadda ya so babu mai tsayar da shi. Akan faɗe ta da sha'awa, akan kuma faɗe ta da gargaɗi a ciki, don mai kaɗi ta san zaren da aka ja fiye da kima tsinkewa yake.

Akwai kuma sabuwa, wadda ta fito daga shagon tela ba daga masaƙa ba: "zaren ba kalar yadin ba ne." Kala da yadi duk baƙin kalmomi ne da suka zauna a Hausa. Matasa ke faɗinta idan abu biyu ba su dace ba, ko wani ya nemi abin da ya fi ƙarfinsa, a neman aure ko a takara. Wasu manya na yi mata kallon maganar 'yan zamani. Ni a ganina gininta daidai yake da na magabata: an kalli aikin hannu, an ciro hikima.

Ku kuma lura da inda Hausa ta ƙi amfani da zare. Ba a cewa zaren aure, sai igiyar aure, kuma igiyoyin uku ne. Abin da aka ɗaura don ya ɗauki nauyi, igiya ake ba shi. Zare na abin da ke son lallaɓawa ne da haƙuri.

Ƙugiya ɗaya, ma'ana biyu

Ku rubuta waɗannan a littafinku, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya:

bakin zare
baƙin zare

Bambancinsu ɗan lanƙwasan da ke kan harafi ɗaya ne. Na farko shi ne inda zare ya fara. Na biyu zare ne mai launin baƙi. Wanda ya aika wa tela saƙo ya manta ƙugiyar ƙ, ya canza maganar gaba ɗaya. Haka kafa da ƙafa: allura tana da kafa, mutum yana da ƙafa. Kada ku yarda da masu cewa ƙugiya ado ce. Harafi ne mai zaman kansa, kamar yadda ɗ da ɓ suke.

Baƙin zare da farin zare sun zo a Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara aya ta 187, inda aka yi bayanin lokacin da mai azumi zai daina ci da sha. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa sahabi Adiyyu ɗan Hatim ya ɗauki igiyoyi biyu, fara da baƙa, ya sa a ƙarƙashin matashinsa yana dubawa da dare. Da ya gaya wa Manzon Allah (SAW), sai ya bayyana masa cewa hasken alfijir da duhun dare ake nufi. Balarabe ne, harshensa ne, amma sai da aka nuna masa cewa kalmar aro ce aka yi. Don haka ba abin kunya ba ne ɗalibi ya tsaya ya tambaya: wannan kalma a nan, ainihinta ake nufi ko aronta? A Suratun Nahli aya ta 92 kuma an kwatanta mai warware alkawari da macen da ta kwance zaren da ta kaɗa bayan ya yi ƙarfi. Wadda ta san wahalar gurza da shiɓa da kaɗi ita ta fi kowa jin nauyin wannan misali.

Zare a jikin mutum

Akwai kitson zare, akwai zaren carbi, akwai wanda magini ke ɗaurawa don jerin bulo ya miƙe. Waɗannan kun san su. Biyu ne ke bukatar a tsaya a kansu, don sun shafi rai.

Na farko zaren ɗaure cibiya. In haihuwa ta zo a gida, zaren da za a ɗaure cibiyar jariri da rezar da za a yanke ta dole su zama masu tsabta: reza sabuwa fil, zare kuma wanda aka tafasa. Zaren da aka tsinko daga gefen zane ko aka ɗauko daga ƙasa yana iya shigar da ƙwayar cutar da ke sandarar da jariri, ya kasa kama nono, kuma tana kisa. Kada a sa toka ko kashin shanu ko man goge baki a cibiya. Akwai maganin shafawa da ake bayarwa a asibiti don wannan. Mafi aminci dai a haihu a hannun ma'aikatan lafiya, uwa kuma ta karɓi allurar rigakafi tun tana da ciki.

Na biyu zaren ɗinkin asibiti. Iri biyu ne: akwai wanda jiki ke narkar da shi da kansa, akwai wanda sai an koma an cire. Kafin ku bar asibiti ku tambaya wanne aka yi muku, in na cirewa ne a rubuta muku ranar. Yanzu da kuke iya karatu, wannan takarda ta zama taku, ba sai kun nemi mai duba muku ba. Kada a cire shi a gida.

Sauran "zare"

Mu koma kan aikatau ɗin nan mai dogon wasali. Ma'anarsa ciro abu siriri ko dogo daga inda yake a hankali. An zare takobi daga kube, an zare zobe daga yatsa, an zare allura daga hannun majiyyaci. Daga nan aka sami "ya zare jiki", wato ya sulale ba a lura ba. "Ya zare hannunsa", wato ya fita daga maganar. Da "ta zare masa ido", wato ta buɗe su sosai don tsawatarwa. Hanyar gane shi a rubutu mai sauƙi ce: in ka ga ya, ta, sun, an ko za a a gabansa, sannan abin da aka ciro ya biyo baya, aiki ne. Gwada da wannan: "Ta zare zare daga allura."

Aikin aji

1. A karanta jimlar ƙarshe ta sama sau uku. Wanne ne aiki, wanne ne suna?
2. Malami zai yi shifta, ku rubuta: baki, baƙi, kafa, ƙafa, kaɗi, saƙa, abawa, ƙoshiya, ɓaraka.
3. Kowa ya zaɓi biyu daga cikin waɗannan ya sa su a jimlar kansa: bakin zare, saƙa da mugun zare, jan zare, saƙa da warwara, zare da abawa.
4. Ku kasu gida biyu ku tattauna: me zai sa saƙar hannu da ɗinkin hannu su ci gaba da ciyar da mai yin su a garinku? Wa ke saye, nawa ake biya, ina ake samo zaren?

Aikin gida

Ku nemi iya ko gwaggo ko kaka da ta taɓa yin kaɗi, ko baba da ya taɓa zama a masaƙa. Ku gaishe su, ku roƙe su su lissafa muku kayan aikin da matakansa, ku rubuta kamar yadda suka faɗa. Sunayen Sakkwato ba lallai su zama na Kano ba, na Damagaram ma haka, don haka kada ku gyara musu don ya yi daidai da na littafi. A rubuta sunan garin a saman shafi, a zo da shi darasi na gaba.